Kyaftin a Tafkin Kuza

Kowa ya san Kanari da murya.
A gidan biki, a motar Bukur, a rediyon mai shayi,
in ya ja baiti, mai bin bashi ma kan dakata ya saurara.
Wannan ba abin gardama ba ne.
Ni abin da na ɓoye a ƙasan akwati
finafinansa ne na ƙarshen layi,
waɗanda Ɗanladi na Dilimi ke tarawa a kwando
yana cewa, ɗauki uku, biya kuɗin ɗaya.

Akwai wanda ya fito a kyaftin ɗin jirgin ruwa.
A Jos fa! Garin da teku ba ta taɓa leƙowa ba.
Suka kai shi tafkin kuza,
suka kewaye kwalekwale da kwali,
aka rubuta sunan jirgi da jan fenti,
fentin bai bushe ba, yana ta tsiyaya.
Hular kyaftin ta maigadin banki ce,
an juya tambarin baya, amma in ya waiga sai ka karanta.
Gashin bakin kuwa na mannawa ne,
gefe guda ya ɗago,
yana fiffika kamar zai riga jirgin tashi.

Da baƙin ciki ya zo, sai ruwan sama.
Tiyo ne.
Ga hannun mai riƙe da shi can a kusurwa, har da agogo.
Ruwan na sauka a kan Kanari shi kaɗai,
a bayansa rana tsaka,
wata mata na shanya wanki, ko a jikinta.

A waƙa guda ya sauya kaya sau tara:
shadda, kwat, rigar ƙwallo, wata aba mai walƙiya
da nake zargin labulen otal ce.
Jarumar na tsalle a kan duwatsu da takalmi mai tsini,
sanyin Disamba na kaɗa mata haɓa,
tana murmushi kamar an biya ta.
Mugun ya mutu sau biyu,
a na biyun ya buɗe ido ɗaya ya duba ko an gama.

Ƙanwata Talatu ta ce, Yaya, wannan ai abin kunya ne.
Na ce, zauna dai, ba ki ga komai ba.
Muka yi dariya har shayi ya sarƙe ta,
maƙwabci ya buga bango.

Shi dai Kanari bai yi dariya ba.
Ya tsaya ƙyam a kan kwali, ya kare ido da tafi,
yana hangen wata gaɓa mai nisa,
alhali gonar kabeji ce a gabansa.
Ya yarda da tekun.
Ya yarda da hular, ya yarda da tiyo,
ya buɗe baki, muryar nan ta fito
cikakkiya, ba ragi, kamar ba ta san inda aka kawo ta ba.

Sai minti na arba'in da biyu.
A bakin tafki, cikin 'yan kallon da aka kasa kora,
ga wani mutum da keke, buhun dankali a baya,
ya sauke ƙafa ɗaya, ya saki baki.
Talatu ta daina dariya.
Baba ne.
Daƙiƙa huɗu, sai kyamara ta koma kan gashin baki.
Ba mu da wani hotonsa mai motsi sai wannan.

Faifan ya tsufa, nan wurin yake sarƙewa.
Nakan fitar da shi, in hura, in goge da gefen riga,
in mayar, in koma baya kaɗan,
daidai inda kyaftin ke ba da umarnin a ɗaga anga
alhali yaro ne ke tura jirgin da gora.